Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: Maganin Mura Da Ƙaiƙayi Na Rikita Mana Dattawa

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya,
Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano.



 

Daga Gafasa nake rubuto maka, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi. Ban so a ce sai a bainar jama'a za mu yi wannan magana ba. Na fara kai ta wurin wani ma'aikacin lafiya na kusa da mu, ya saurare ni, ya ce gaskiya ce, amma abin ya fi ƙarfin kujerarsa. Na rubuta takarda zuwa wani ofishi da aka nuna mini cewa nan ne hurumin maganar, har yau shiru. Shi ya sa na ɗauko ta kacokan na kawo gabanka, domin al'amari ne da ya shafi hankalin iyayenmu da kakanninmu, kuma kowane hunturu da ya wuce ba a yi komai ba, akwai gidan da ke biyan kuɗin jinkirin.

Ranka ya daɗe, ka san yadda ƙasarmu take daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Iska ta taso da ƙura, hazo ya rufe gari, ga shi lokacin ya haɗu da sussuka da shiƙar gero da dawa, ƙaiƙayi na tashi yana shiga hanci da ido da cikin riga. Da dare kuma a hura wutar kara a ɗaki don jin ɗumi, hayaƙi ya ƙara nasa. Dattijo ya kama atishawa, hanci na zuba, ido na ƙaiƙayi, wani kuma borin jini ya fito masa. Ba wanda zai nemi mota zuwa Gaya ko Wudil saboda atishawa. Jika ake kira a ba shi 'yan canji, a ce: “Je kemis ka ce a haɗa wa Baba na mura.” Yaro ya dawo da ƙullin leda, ƙwayoyi uku ko huɗu a ciki, babu kwali, babu suna, babu takarda. A cikinsu kusan kullum akwai wata 'yar ƙarama rawaya. Ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Mutanenmu sun san ta da sunan Piriton, ko da ba kamfanin ne ya yi ta ba. Sinadarin da ke cikinta kulofeniramin ne, kuma tana da 'yan uwa: difenhaidiramin da ke cikin ruwan maganin tari da yawa, furometazin da ake ba mai amai ko mai rashin barci, da saifuroheftadin da ke cikin magungunan buɗe ciki da sa ƙiba. Duka dangi ɗaya ne, tsofaffin magungunan borin jini masu sa barci. Sabon da muka yi da su ya daɗe. Waɗanda suka girma a zamanin kulorokwin suna tuna yadda yake sa mutum susa har ya fita hayyacinsa, sai a haɗa masa da 'yar rawayar don ta kwantar da ƙaiƙayin. Gwamnati ta sauya maganin zazzabin cizon sauro tun wajen shekarar 2005, amma 'yar rawayar ta zauna daram a cikin haɗi, kowa na ganinta a matsayin maganin da ba ya cutarwa.

Kukana na farko ke nan: ana ba tsoho ɗan shekara saba'in abin da likitocin duniya suka daɗe da cewa a nisanta shi da shi, kuma ba wanda ya faɗa mana.

Kai da likitocin da ke ƙarƙashinka kun fi ni sanin yadda abin ke aiki, amma bari in faɗa saboda sauran masu karatu. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda jijiyoyi ke aika saƙo da shi wajen tunawa da natsuwa da koyon sabon abu. Waɗannan tsofaffin magunguna suna ratsawa su shiga ƙwaƙwalwa su toshe masa hanya. Saurayi zai yi barcinsa ya tashi garau. Tsoho kuwa sinadarin ya riga ya ragu a kansa, hantarsa da ƙodarsa kuma ba sa fitar da magani da sauri kamar da, sai na jiya ya tarar da na yau a jiki. Abin da ke biyo baya sananne ne: bushewar baki, taurin bayan gida, gani dishi-dishi, jiri, faɗuwa, riƙewar fitsari ga maza masu kumburin mafitsara, tashin hawan ido ga masu wani nau'insa, da ruɗewa. Suna kuma rage gumi, wanda a zafin Maris da Afrilu na ƙasar Kano babban hatsari ne. Magungunan da ake ba masu cutar mantuwa, irin su donefezil, aikinsu ƙara wannan sinadarin ne. Mu kuma a nan muna saye da kuɗinmu abin da ke daƙile shi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ba su dace da tsofaffi ba. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ce ke sabunta jerin, ta sake fitar da shi a 2023, kuma waɗannan magunguna suna ciki da umarnin a guje su ga mai shekara 65 zuwa sama. A 2001 an buga wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Yale kan majiyyata 426 masu shekara 70 ko fiye. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu an ba su difenhaidiramin, kuma alamomin ruɗewa sun fi bayyana a cikinsu ƙwarai fiye da waɗanda ba a ba ba. A asibiti ke nan, gaban likita da nas, ana auna kowace ƙwaya. Ina ga ɗakin da jika ɗan shekara tara ne ke miƙo maganin?

Na ga abin da idona a gidanmu. Ƙanin mahaifina dattijo ne mai natsuwa, wanda ke riƙe lissafin gonaki da bashin mutane a ka. Wani hunturu mura ta kama shi, aka yi ta karɓo masa haɗi safe da yamma. Da tari ya shigo aka ƙara da kwalbar ruwan magani. Ya ce ba ya samun barci saboda susa, wani ya kawo masa wata ƙwayar ta dare. Cikin 'yan kwanaki ya fara tambayar ko an yi sallar da muka yi tare da shi yanzun nan. Ya riƙa kiran matarsa da ta rasu tun tuni, yana cewa a miƙo mata buta. Wata asuba ya tashi zai yi alwala, ƙafa ta ɗauke, ya faɗi bakin randa ya fasa goshi. Fitsari kuma ya ƙi fita sai ɗigo, yana ta nishi. Gida ya rabu biyu: masu cewa gigin tsufa ne ya zo, sai haƙuri, da masu cewa a nemo mai ruƙiyya. Allah Ya kawo wata 'yarmu da ta karanci aikin jinya, ta ce a zazzage mata duk abin da yake sha a kan tabarma. Ta ware su ɗaya bayan ɗaya, ta karanta jikin kwalbar, ta ce magani uku yake sha masu aiki iri ɗaya. Aka kai shi asibiti, aka sa masa robar fitsari, aka dakatar da su. Kafin mako ya zagayo ya dawo yana yi mana lissafin buhunan gyaɗa. Da ba ta zo ba, da mun rubuta shi cikin waɗanda tsufa ya rikita, mu ci gaba da ba shi abin da ke rikita shi.

Wannan ruɗewar ta kwana-kwana ce, tana warwarewa idan an gano ta da wuri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na dogon zango, kuma a nan zan faɗi maganar yadda take, ba ƙari.

A 2015 mujallar JAMA Internal Medicine ta buga binciken Shelly Gray da abokan aikinta na Jami'ar Washinton. Sun bi mutum 3,434 masu shekara 65 zuwa sama a birnin Siyatil, waɗanda babu mai cutar mantuwa a cikinsu da farko, na tsawon shekara bakwai da ɗoriya. Mutum 797 suka kamu. Waɗanda suka sha magungunan da ke toshe asetilkolin daidai da shan kullum na fiye da shekara uku, hatsarin kamuwarsu ya ɗara na waɗanda ba su sha ba da kashi 54 cikin 100. Kuma tsofaffin magungunan borin jini suna cikin rukuni uku da mutanen suka fi sha, tare da wasu magungunan damuwa da na yawan fitsari. Kafin nan, a 2010, wani bincike kan baƙaƙen fata 1,652 a Indiyanafolis ya nuna raunin tunani ya fi yawa ga masu shan irin waɗannan magunguna masu ƙarfi. Suna cikin mutanen birnin da aka shafe shekaru tun 1992 ana kwatanta su da tsofaffin Ibadan, a aikin haɗin gwiwar da Farfesa Adesola Ogunniyi ya yi da Farfesa Hugh Hendrie.

Sai dai a 2019 wani babban bincike a Ingila, ƙarƙashin Carol Coupland ta Jami'ar Notingham, ya duba bayanan masu cutar mantuwa sama da 58,000. Ya sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin cutar da magungunan damuwa, na mafitsara, na taɓin hankali da na makyarkyata masu wannan ɗabi'ar, amma bai sami irin wannan alaƙar da magungunan borin jini ba. Don haka masana ba su yanke cewa 'yar rawayar tana haddasa cutar mantuwa kai tsaye ba, kuma alaƙa daban, sanadi daban. Ni ma ban ce ta tabbata ba. Abin da nake cewa shi ne: cutarwar nan take, wato ruɗewa da faɗuwa da riƙewar fitsari, babu jayayya a kanta. Ta dogon zango kuma zargi ne mai nauyi daga masu ilimi. Ga kuma madadi mai sauƙin kuɗi a kasuwa. Wane dalili ya rage na ci gaba da caca da ƙwaƙwalwar tsoho? Binciken Ingila ya dogara ne da abin da likita ya rubuta a takarda. A Gafasa da Toranke da Balare da Kunkurawa, mafi yawan abin da dattijo ke haɗiya bai taɓa bi ta hannun likita ba, kuma ba wanda ke lissafin shekara nawa ya yi yana sha don ya samu barci.

Madadin da nake nufi su ne loratadin da setirizin da danginsu, waɗanda ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai. Loratadin ƙwaya ɗaya ce a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magungunanta tun 2013. Setirizin yakan ɗan sa wasu gyangyaɗi, kuma ana rage shi ga mai ciwon ƙoda, wannan aikin ma'aikacin lafiya ne ya duba. Wani abin ma ba ya buƙatar ƙwaya ko kaɗan. Yawancin susar da tsofaffi ke yi da hunturu bushewar fata ce, man kaɗanya ko basilin bayan wanka ya fi mata kowace ƙwaya. Amawali ko ƙyalle a hanci lokacin shiƙa yana rage atishawa tun daga tushe.

Kukana na biyu ya shafi masu kemis, kuma ina roƙon kada a fahimce ni a karkace. Ban zo neman a rufe musu shaguna ba. Mai kemis shi ne likitan da muke samu da ƙarfe goman dare, shi ke ba mu bashi idan aljihu ya bushe, da yawansu 'ya'yanmu ne masu son taimako. Abin da ya koya wurin ubangidansa shi yake yi, kuma ubangidan bai taɓa ce masa shekarun mai sha suna canja magani ba. Yakan tambayi ko yaro ne ko babba, shi ke nan. Ɗan shekara talatin da ɗan shekara tamanin duk “babba” ne a wurinsa. Laifin na tsarin da ya ba shi izinin sayarwa ne, bai koya masa wannan ba.

Mun ga abin da hukuma ke iya yi idan ta sa kanta. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, bayan duniya ta ga ɓarnar da yake yi wa matasan Kano. A farkon 2024 NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa suka rufe shagunan magani na Sabon Gari, aka mayar da dillalai cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. Ma'ana, yanzu akwai ƙofa guda da mafi yawan maganin da ke zuwa ƙauyukanmu ke fitowa ta cikinta. Saƙon da aka manna a wannan ƙofar zai iso Ajingi cikin mako guda. Hankalin hukuma ya tafi kan matasa masu shan magani don maye, kuma ya dace ya tafi. Amma tsohon da ke shan nasa da bismillah, da niyyar neman lafiya, shi ba wanda ya waiwaye shi. Kwalaben tarin da suka maye gurbin masu kodin, da yawansu difenhaidiramin ne a ciki.

Na uku, kuma shi ya fi ciwo: idan tsoho ya rikice, ba mu da inda za mu nufa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu. Wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan uku cikin kowane tsoho ɗari da ita. Ibadan ta buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwarta tun 2012. Mu a nan, abin da ake cewa shi ne “tsufa ne.” Idan namiji ne a zaunar da shi a zaure a daina shawara da shi. Idan tsohuwa ce, musamman marar ɗa namiji a kusa, tana surutai da dare tana fita ba mayafi, ba a daɗewa sai ka ji an fara raɗa cewa iska ce, ko sammu, ko abin da ya fi wannan muni, a ce mayya ce. Ranka ya daɗe, a cikin waɗannan bayin Allah akwai masu cutar mantuwa ta gaske, waɗanda ke buƙatar kulawa da haƙuri. Akwai kuma waɗanda ƙullin leda ne kawai ya juya musu kai, da za a karɓe shi da sun dawo cikin iyalinsu. Ba za a bambance su ba sai ma'aikacin lafiya ya saba da tambaya ɗaya: “Me Baba yake sha? A kawo mini in gani.”

Saboda haka ga roƙona, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ofishinka a ciki.

Ina roƙon ka fitar da takardar umarni zuwa ga manyan asibitoci da asibitocin sha-ka-tafi na jiha, ta hannun hukumar kula da asibitoci da hukumar lafiya matakin farko, cewa kada a fara da waɗannan tsofaffin magunguna ga mai shekara 65 zuwa sama idan mura ce ko ƙaiƙayi ko rashin barci. Takardar ta bar wa likita damarsa a halin gaggawa, domin akwai borin jini mai tsanani da allurarsu ke da amfani a cikinsa. Ta kuma ja kunnen iyalai kada su tsayar da maganin damuwa ko na taɓin hankali da likita ya rubuta da kansu, domin yanke irin waɗannan farat ɗaya shi ma hatsari ne.

Ina roƙon hukumar samar da magunguna ta jiha ta tabbatar loratadin yana kan kanta a kowane asibitin mazaɓa kafin hunturu ya shigo, a farashin da talaka zai iya. Hani ba tare da madadi ba zai mayar da mutane wurin mai tallar magani a kasuwa ne kawai.

Ina roƙon ma'aikatarka ta zauna da hukumar da ke ba masu kemis lasisi da ƙungiyarsu, a shirya musu bita ta yini guda a kowace ƙaramar hukuma, da Hausa. A koya musu su tambayi shekarun mai sha, su daina zuba magani biyu masu aiki ɗaya a haɗi guda, su rubuta sunan abin da suka bayar ko da a bayan kwali ne. A buga takarda mai hotunan ƙwayoyin da kwalaben, da boko da ajami, a raba ta daga Dangwauro tare da kaya. In ana neman inda za a gwada, a fara da Ajingi da Gaya, mazaɓunmu ba su da yawan da zai gagara.

Ina roƙon a yi amfani da hanyar da aka bi aka ci nasarar shan inna: hakimai da dagatai da masu unguwanni, limaman Juma'a, da gidajen rediyo. Dattijon Gafasa ba ya karanta takardar cikin kwali, amma rediyonsa na kunne tun asuba, kuma abin da liman ya faɗa a kan mumbari yana isa kowane gida kafin la'asar.

A ƙarshe ina roƙon a ware rana ɗaya a wata a Babban Asibitin Gaya don tsofaffi, inda za a ce kowa ya zo da ledar magungunansa a duba, a kuma gwada tunanin wanda iyalinsa suka ga ya fara canjawa, a tura mai buƙata zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. A kuma nemi masu bincike na Jami'ar Bayero su zo su ƙirga mana abin da tsofaffinmu ke sha da tsawon lokacin da suka yi suna sha, domin mu daina dogara da alƙaluman Siyatil da Ingila a kan iyayenmu.

Ranka ya daɗe, takardar umarnin nan ba ta buƙatar kasafin kuɗi ko amincewar majalisa, sa hannunka kawai take jira. Ina roƙonka, don Allah, ka sa mata hannu kafin iskar hunturu mai zuwa ta kaɗa. Allah Ya ba ka ikon yi.



Naka mai biyayya,
Wani ɗan Gafasa,
Ƙaramar Hukumar Ajingi, Jihar Kano.